Ɗalibin da Yaƙin Basasa Ya Karantar

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Babu inda maganar nan ta fi tabbata kamar wajen sha'anin yaƙi. Mutumin da ke nesa, wanda labarin yaƙi ke iske shi a jarida ko a akwatin rediyo, abin da ya ke ji shi ne an ci gari kaza, an karya gada kaza, Kanar wane ya kori abokan gaba. Amma wanda yaƙi ya iske a ƙofar gida, shi ya san yadda gishiri ke ɓacewa daga kasuwa, shi ya san nauyin tsohuwa idan an goya ta ana gudu cikin dare.

Yaƙin basasa shi ne wanda 'yan ƙasa ɗaya ke yi a tsakaninsu. Nijeriya ta ɗanɗana irinsa har wata 30, daga ran 6 ga Yuli 1967 zuwa ran 15 ga Janairu 1970. An rubuta labarin sojojin da suka yi shi a littattafai da yawa. Wannan kuwa labarin wani ɗalibi ne, Ken Saro-Wiwa, wanda bai taɓa ɗaukar bindiga ba, da yadda idonsa ya riƙa buɗewa kaɗan kaɗan, har ya gane a kan wa kayan yaƙi ke sauka.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Kenule Saro-Wiwa a garin Bori ran 10 ga Oktoba 1941. Shi mutumin Ogoni ne. Ƙasarsu tana gabas da Fatakwal, kusa da inda Kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku, faɗinta kimanin mil 400 murabba'i. Mutanenta manoma ne da masunta, suna noman doya da rogo, suna da kwakwar manja, harshensu kuwa dabam ne da na Ibo. A zamanin Turawa aka haɗa su cikin Jihar Gabas, inda Ibo suka fi kowa yawa. Cikin 1958 aka tarar da man fetur a ƙarƙashin gonakinsu, a wani wuri da a ke kira Bomu. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake ɓullowa a gaba.

Cikin 1954 yaron ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahiya, makarantar da ta yi suna wajen fid da marubuta. Chinua Achebe da Christopher Okigbo da Elechi Amadi duk sun riga shi zama a azuzuwanta. Daga nan ya wuce Jami'ar Badun cikin 1962, ya karanta Turanci, ya gama cikin 1965, sa'an nan ya koma can don ƙarin ilmi kan wasan kwaikwayo. A jami'ar, ko zaɓen shugabannin ɗalibai ya kan koma na ƙabilanci, Yarbawa gefe guda, Ibo gefe guda, ɗan ƙaramar ƙabila kuwa sai ya nemi inuwar da zai raɓa. Amma a lokacin duk abin bai wuce gardama ba. A yi musu a ɗakin cin abinci, a tashi, kowa ya je ya kwanta da cikinsa cike.

Shekarar 1966

Daren 15 ga Janairu 1966 waɗansu ƙananan hafsoshin soja, yawancinsu Ibo, suka tashi juyin mulki. Suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Cif Akintola, da Ministan Kuɗi Cif Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Tun daren farko jinin waɗanda ba su da hannu cikin mulki ya zuba, gama Hafsatu uwargidan Sardauna tare da mijinta aka harbe ta. Arewa ta shiga makoki. A garuruwan Kudu da yawa kuwa, har da jami'o'i, aka yi ta murna, ana cewa an kawar da 'yan siyasa masu cin hanci. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Ɗaliban da ke muhawara a Badun ba su ga gawa ko ɗaya ba.

Ba a daɗe ba abin ya juya. Ran 24 ga Mayu Janar Ironsi ya kafa doka ta 34, wadda ta soke jihohi ta mai da mulki wuri ɗaya. Kwana biyar bayan haka tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan Gabas. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya hau. Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba aka yi kisan da ya fi duka muni, a Kano da Jos da Kaduna da Zariya da Makurɗi da sauran wurare. Waɗanda aka kashe 'yan tireda ne, da akawuna, da ma'aikatan reluwe, da matansu da 'ya'yansu, mutanen da ba su san hafsoshin Janairu ko a hanya ba. Masu ƙididdiga sun saɓa, daga mai cewa 8,000 har mai cewa 30,000. An sami mutanen kirki da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu har ƙura ta lafa, amma wannan bai hana fiye da mutum miliyan ɗaya kwashe kaya su nufi Gabas ba. A can ma aka rama a kan 'yan Arewa mazauna Fatakwal da waɗansu garuruwa, mahauta da 'yan koli da masu sayar da shanu, waɗanda suka tsira suka gudo gida hannu wofi.

Saro-Wiwa ɗan Jihar Gabas ne a takarda, saboda haka zaman Badun bai yiwu gare shi ba, shi ma ya bi sahu ya koma. Duk wanda ke Gabas a watannin nan ya ga abin da jiragen ƙasa ke saukewa a tashoshin Inugu da Fatakwal: masu raunin adda, da matan da ba su san inda mazansu su ke ba, da yaran da aka haifa a Arewa, Hausa ce a bakinsu, an kawo su garin da ba su taɓa gani ba. Nan ne karatun ɗalibin ya tashi daga ji ya koma gani.

Zazzaɓin yaƙi a Nsukka

Ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Nsukka. Ya tarar da wurin yana tafasa. Malamai da ɗalibai, waɗanda da yawansu sun rasa 'yan'uwa a Arewa, suna zanga-zanga suna kiran Gwamnan Gabas, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya raba ƙasa. Fushinsu yana da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Amma Saro-Wiwa ya dubi abin ta wata fuska. Jihar Gabas ba ta Ibo kaɗai ba ce, akwai Ijo da Ibibiyo da Efik da Ogoni da waɗansu, kuma mafi yawan man fetur da tashoshin jiragen ruwa a ƙasarsu su ke. A ganinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya a rubuce-rubucensa, ba a shawarci waɗannan ba yadda ya kamata, alhali kuwa idan yaƙi ya tashi a ƙofarsu za a fara gwabzawa, domin kowane gefe man nan ya ke so.

An yi ƙoƙarin sulhu a Aburi ta ƙasar Gana ran 4 da 5 ga Janairu 1967, amma da aka dawo gida kowa ya fassara yarjejeniyar yadda ya ga dama. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya ba mutanen bakin teku tasu Jihar Ribas. Ran 30 ga Mayu Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara. Gwamnatin Tarayya ta ce aikin 'yan sanda za ta yi na ɗan lokaci, mutanen Biyafara kuma suna ganin ba mai iya tanƙwara su. Kowane gefe ya zaci abin na 'yan makonni ne.

Kafin ƙarshen Yuli Nsukka ta faɗi, jami'a ta watse. Samarin da suka yi zanga-zanga suka shiga soja, da yawansu ba su dawo ba. Tsofaffin ɗaliban Umuahiya ma suka rarrabu. Okigbo ya sa kayan sojan Biyafara aka kashe shi kusa da Nsukka cikin 1967. Achebe ya zama manzon Biyafara zuwa ƙasashen waje. Elechi Amadi ya sha ɗauri a hannun Biyafara, daga baya ya yi aiki tare da sojan Tarayya.

Tsakanin wuta biyu

Saro-Wiwa ya koma gida Ogoni. Cikin watan Yuli ɗin nan sojojin Tarayya, a ƙarƙashin Benjamin Adekunle, suka zo ta teku suka kama tsibirin Boni, inda a ke loda man fetur a jiragen ruwa. Boni kuwa ba ta da nisa da Ogoni. Tun daga ran nan hukumomin Biyafara suka soma zargin ƙananan ƙabilu da cewa su ke nuna wa abokan gaba hanya. Aka fito da kalmar ɗan zagon ƙasa, wadda in an liƙa wa mutum, ba shaida ba shari'a, sai a tafi da shi. Masunci ya fita da kwalekwalensa neman abin miya, a ce saƙo ya kai. Wanda ke da tsohuwar gaba da maƙwabcinsa kan iyakar gona ya sami hanyar gamawa da shi.

Cikin Satumba 1967 Saro-Wiwa ya shiga kwalekwale, ya bi ta 'yan ƙananan rafuffukan da ke cikin kurmin bakin teku, ya ƙetare zuwa Boni, daga nan ya wuce Ikko. Kafin shekara ta ƙare Gwamnatin Tarayya ta naɗa shi mai kula da mulkin farar hula na Boni, yana da shekara 26. Jiya yana karanta wasan kwaikwayo, yau ga shi da alhakin gari a wuyansa.

A Boni ya koyi darasi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Ya ƙetaro ne yana ganin sojan Tarayya su ne masu ceton mutanensa. Sai ya tarar soja soja ne, ko wace tuta ya ke bi. Garin da aka ce an 'yanta, kasuwarsa ba ta ci, masunta ba su da ikon fita ruwa, abinci sai abin da jirgi ya kawo daga Ikko, mai bindiga kuwa shi ke fara ɗiba. Mutanen gari su kan kawo ƙara kan kayansu da aka ƙwace da wulakancin da aka yi musu, shi kuwa ba shi da abin tsawatawa sai baki da alƙalami. A wannan lokaci ne kuma, ran 7 ga Oktoba 1967, sojojin Tarayya suka tara mazan garin Asaba a fili, mutanen da suka fito da fararen tufafi don yi musu maraba, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Bayan shekaru da yawa Janar Gowon da kansa ya nemi gafarar mutanen Asaba.

Yunwa

Abin da ya fi harsashi kisa a yaƙin nan shi ne yunwa, kuma ya kamata a san yadda ta samo asali. Ƙasar Ibo tana da yawan jama'a, abincinta doya da rogo ne, masu cika ciki amma ba su gina jiki sosai. Abin gina jiki daga waje ya ke zuwa: shanu da wake daga Arewa ta jirgin ƙasa, busasshen kifi daga ƙasar Norwe ta jirgin ruwa. Da aka rufe hanyar Arewa, aka kuma tsare bakin teku, duk wannan ya yanke. Inugu ta faɗi cikin Oktoba 1967, Kalaba ma haka, Anacha cikin Maris 1968, Fatakwal cikin Mayu. Duk garin da ya faɗi sai mutanensa su ruga ciki, don tsoron kada a maimaita musu 1966. Ƙasa tana ƙanƙancewa, bakuna suna ƙaruwa, manoma kuwa sun bar gonakinsu a baya. Cikin Janairu 1968 kuma Gwamnatin Tarayya ta canja takardun kuɗi, abin da ke hannun mutanen Biyafara ya zama takardar banza.

Daga nan ciwon tamowa mai tsanani, wanda likitoci ke kira kwashiyoko, ya faɗa wa yara. Ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, hannuwa su zama kamar sillen kara, gashi ya yi ja ya riƙa zuba, yaro ya daina ko kuka. Tsakiyar 1968 hotunan yaran nan suka bazu a jaridun Turai da Amurka. Ƙungiyoyin coci da ta Red Cross suka riƙa kawo abinci da jiragen sama cikin dare, da yawa daga tsibirin Sawo Tome, suna sauka a Uli, inda aka faɗaɗa wani titin mota aka mai da shi filin jirgi.

Shugabannin gefen biyu suka yi ta ja-in-ja kan hanyar da agaji zai bi. Gwamnatin Tarayya ta ce a kawo ta ƙasa ko da rana, don a bincika, gama jiragen makamai ma a Uli su ke sauka cikin dare. Hukumar Biyafara ta ƙi, ta ce tana tsoron a sa wa abincin guba, ko soja su biyo hanyar da aka buɗe. Ran 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Tarayya ya harbo wani jirgin Red Cross. Kowane gefe yana da hujjar da zai kawo a teburin shawara, amma duk ranar da aka ɓata wajen gardama, ana haƙa ƙananan kaburbura.

Mutanen Ogoni ba su tsira ba. Sa'ad da sojojin Biyafara ke ja da baya daga wajajen Fatakwal cikin 1968, an kwashi mutanen Ogoni masu yawa an shiga da su can cikin ƙasar Ibo, aka zuba su a sansanonin gudun hijira. Ba gona, ba rafi, ba dangi a kusa, ga kuma zargin zagon ƙasa yana bin su. Dubbai suka mutu a can. A lokacin Saro-Wiwa ya zama kwamishina a gwamnatin Jihar Ribas, ya ga waɗanda suka rage suna dawowa, fata da ƙashi, suna neman inda gidajensu su ke a da.

Ƙarshen yaƙi da abin da ya rubuta

Cikin Janairu 1970 Ojukwu ya tashi daga Uli ya tafi ƙasar Kwaddibuwa. Mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko ran 15 ga wata. Gowon ya ce babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci, ya kuma hana ramuwa. Ba a ƙidaya matattu ɗaya ɗaya ba. Ƙididdigar masana ta kama daga 500,000 har zuwa miliyan 2, waɗansu ma sun haura haka, amma duk sun haɗu a kan cewa mafi yawansu ba soja ba ne, kuma yara ne suka fi yawa. Waɗanda suka rayu a Biyafara, duk wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin yaƙi, fam 20 aka ba shi komai yawan abin da ya ajiye.

Shekara 15 abin yana cin Saro-Wiwa kafin ya fitar da shi sosai. Cikin 1985 ya buga littafin ƙagaggen labari mai suna Sozaboy, watau yaron soja, ya rubuta shi da Turanci gauraye da buroka, irin na wanda bai yi nisa a makaranta ba. Labarin wani yaron mota ne, Mene, wanda ya shiga soja don sha'awar kaki da son a ce masa namiji. Alamar farko da ƙauyensu ya gani ta tashin hankali ita ce tsadar gishiri. Mene ya yi yaƙi a wannan gefe, aka kama shi ya yi wa wancan gefe aiki, bai taɓa fahimtar abin da a ke faɗa a kai ba. Ya bi sansani sansani yana neman uwarsa da amaryarsa, da ya komo gida ya tarar bom ya kashe su, mutanen garin kuma suna gudunsa suna cewa fatalwa ne. Abin lura, marubucin da ya zaɓi gefe a lokacin yaƙi, da ya zo ba da labari bai tsaya yabon wani gefe ba. Cikin 1989 kuma ya buga On a Darkling Plain, inda ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Ibo da yawa sun ce ya ga wahalar Ogoni sarai, amma bai auna tasu da mudu ɗaya ba. Sun kuma tuna masa cewa gwamnatin Ribas da ya yi wa aiki ita ce ta riƙe gidajen Ibo na Fatakwal da sunan dukiyar da aka yasar, masu su suka dawo daga yaƙi ba su sami wurin sa haƙarƙari ba. Wannan suka tana da nauyi, tana kuma nuna iyakar ɗan Adam: kukan gidansu ya kan fi shiga kunnensa. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta wajen yi wa Ogoni fafutuka kan ɓarnar da haƙar man fetur ta yi wa gonakinsu da rafukansu, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba 1995.

Littafi ɗaya

Akawun da ya san aikinsa ba ya rubuta haraji na unguwa ɗaya ya bar na sauran, sa'an nan ya ce lissafi ya cika. Amma haka a ke yi da matattun yaƙin basasa. Mutumin Arewa ya kan fara lissafinsa daga daren 15 ga Janairu ya tsaya nan. Ibo ya kan fara daga kisan 1966 ya ƙare da yaran Uli. Mutumin Asaba yana da ranarsa, na Ogoni yana da sansanoninsa, uwar sojan da ya tafi daga Katsina ko Gboko bai dawo ba ita ma tana da nata. Kowanne gaskiya ya faɗa, sai dai shafi ɗaya ya karanta.

Ɗalibin nan ya fara da jin labari a Badun, ya ga 'yan gudun hijira a Gabas, ya ɗauki alhakin mayunwata a Boni, kafin ya gane cewa masu shelar yaƙi dabam, masu biyan kuɗinsa dabam. Ya biya karatun nan da tsada, bai kuma kai ƙarshensa ba. Wanda ya iya karatu a yau yana iya samunsa da araha, in ya yarda ya buɗe shafin waɗansu kamar yadda ya ke buɗe nasa. Duk sa'ad da ya ji wani yana kiran a raba gari da bakin bindiga, sai ya tambaye shi ta ina gishiri da wake za su shigo, da kuma wanda zai goyi tsofaffi ranar gudu. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki.